Tanimu da Ƙiryar da Aradu Ta Tsaga

Idan baƙo ya shiga layin 'yan katako a Malumfashi ya tambayi rumfar Tanimu, da wuya a nuna masa da hannu. Da baki ake nunawa, a turo leɓe wajen ƙarshen layi inda kwata ta ratsa, sannan a bi shi da kallo. Wani ma ya ƙara da cewa Allah ya ba da sa'a, ba don yana tsammanin za a same ta ba.

Tanimu gajere ne mai faɗin ƙirji, kansa ya yi fari amma girarsa na nan baƙa. Yatsunsa biyu na hagu gizago ya rage musu tsawo tun yana saurayi. Ba ya son doguwar gaisuwa. In ka ce ina kwana ya ce lafiya, to an gama. In ka zarce da ina gajiya, sai ya tambaye ka ko ita ka zo saye. Masassaƙi ne ɗan masassaƙi, amma ya daɗe rabonsa da turmi da akushi. Kujeru yake yi da tebura irin waɗanda rabin gari ke cewa ba na zaman mutane ba ne.

A wani ƙauyen Maguzawa da ke kudu da Kafur aka haife shi, gida guda babba mai sassa da yawa, ana ce masa Gidan Bature da sunan ubansu. Su biyu ne maza a ɗakin uwarsu, shi da wansa Sanda, kuma tun suna yara ba su taɓa jituwa ba. Sanda mutum ne mai bin abu yadda ya tarar da shi. Tanimu kuwa ko hanyar gona ce, sai ya ratse ya ga abin da ke bayan tudu. Bature ya so ya koya masa turmi, shi kuwa turmi ba ya son wayo: baki, ciki, gindi, shi ke nan. Amma yaron in ya ga ƙulli a jikin gungume, maimakon ya sare shi ya wuce, sai ya zauna yana kewaya shi da gizago yana lallaɓa shi, ƙarshe ya fito da turmi mai ƙusumbi wanda ba macen da za ta saya. Uban ya sha kwaɗa masa ƙota a baya saboda haka. Sanda yakan tsaya gefe yana dariya yana cewa, "Baba, ƙyale shi. Wannan ko tuwo ka ba shi sai ya fitar masa da kunne."

Da Bature ya mutu, Sanda ya ɗauki gandu da shugabancin gida, ya ɗauki kuma hidimar jigo, itacen nan mai baki biyu da ke kafe a tsakar gida inda ake yanka wa iskokin gida kaza ko akuya kafin shuka da bayan girbi. Tanimu ya ɗauki gizago da gatari da 'yar gayaunarsa, gonar da yake nomawa don kansa, ya auri Lami, mace mai ƙarfin noma da ƙarancin magana. Suna gaisawa da Sanda kamar yadda maƙwabtan da suka taɓa shari'a ke gaisawa.

Abu ɗaya ne ya riƙe su a gida guda, uwarsu. Tsohuwa sunanta tun tana jaririya, don an ce kakarta ce ta dawo. Ita ce mai karanta sama a duk yankin. Da bazara, in rana ta faɗi, sai ta fito bayan danga ta ɗaga kai ta nemi taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta. Daga yadda suka sunkuya yamma take faɗin ko a fito da iri ko a ƙara haƙuri, ko ruwan da aka yi na gaskiya ne ko na yaudara. Mutane na zuwa daga wasu gidaje su tambaye ta. Tanimu tun yana ƙarami yake tsayawa kusa da ita. Ita ta nuna masa Zara, ta nuna masa Gamzaki, ta ce masa sama ma gona ce, sai dai ba a san mai noma ta ba.

Shekaru da ɗaukar dami suka lanƙwasa mata baya har ta koma ba ta ganin kome sai ƙafafunta. In tana son ganin fuskar mutum sai ta juya kai gefe kamar kaza. Wata bazara aka zo tambayarta, ta ce su je su tambayi mai wuya. Ta koma ɗaki ta ƙi cin tuwo.

A ƙarshen daminar shekarar ne aradu ta faɗa kan tsohuwar ƙiryar da ke kan gandu, wadda ake zuba wa jini a gindinta tun zamanin kakanni. Ta tsaga ta gida biyu, ɓari guda ya kwanta a ƙasa a lanƙwashe. Sanda ya tara gida ya kafa doka: abin da sama ta taɓa nata ne, ba mai ɗaukar ko tsinke, sai gara ta cinye shi a inda yake. Kowa ya ce to. Ban da Tanimu, don tun ranar da ya ga ɓarin nan a kwance ya gane abin da yake gani. Lanƙwasar itacen ita ce lanƙwasar bayan uwarsa, ba ragi ba ƙari. Duk rani yana wucewa ta wurin, yana kallo itacen na bushewa, hannunsa na masa ƙaiƙayi.

Da bazara ta kama, Sanda ya tafi Musawa sayar da sa, daga can ya wuce wani buki da ya riƙe shi kwanaki. Tanimu ya saɓa gatari. Lami ta tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani."

"To, me ya yi zafi?"

"Matsa min."

Ƙirya ba ta da sauƙi, sai da ya wasa gizago ya fi a ƙirga. Ya bar lanƙwasar yadda aradu ta yi ta, ya ƙwaƙule wurin zama, ya fitar da matashin ƙeya, ya kafa mata ƙafafu gajeru a baya dogaye a gaba, yadda duk wanda ya zauna sai ya kishingiɗa fuskarsa ta kalli sama. Baƙin ƙunar da ke gefe bai kankare ba, man kaɗe kawai ya shafa masa. Da almuru ya ɗauko uwarsa kamar jaririya ya ajiye ta a ciki, a bayan danga. Ta ƙura wa sama ido. Can ta ɗaga yatsa.

"Ga Kaza can, ta yi ƙasa. Ku gyara iri."

Tana zaune a nan Sanda ya dawo. Ta hanyar gandu ya biyo, don haka ya riga ya ga abin da aka yi. Bai shiga gida ba, bai ajiye kayansa ba.

"Wa ya ba ka?"

"Ba a ba ni ba, Yaya. Ɗauka na yi."

"Ka ɗauko abin aradu ka kawo cikin gida, ka kwantar da uwarmu a kai. Kai wane irin mutum ne? Tun kana yaro ba abin da ka taɓa taɓawa ya zauna lafiya." Ya juya wajen tsohuwar ya rage murya. "Inna, tashi."

"Ba inda zan je," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "Ka tare min Zara."

Wannan maganar Sanda bai taɓa yafe ta ba, kuma ba uwar ya riƙe da ita ba, Tanimu ya riƙe. Daminar ta yi kyau, dawa ta yi kai, amma kafin a kai ga girbi tari ya kama Tsohuwa, ya kwantar da ita, ya tafi da ita. Tsohuwa ce ƙwarai, kowa ya san haka. Duk da haka ba a rufe ta ba sai da magana ta zaga gidan cewa ƙirya ta karɓi fansarta.

Ranar da aka taru makoki, 'yan'uwa sun zo daga ko'ina, an ɗora manyan tukwanen giya a bayan gida. Tanimu ya zagaya neman Lami, sai ya hangi ƙafar kujerar ta leƙo daga cikin murhu, wuta na cinta a hankali, don ƙirya ba ta saurin ci. Sanda na tsaye da gatari a hannu, gumi na zuba masa.

"Na mayar wa wuta abinta," in ji shi.

Tanimu ya shiga ɗakinsa ya fito da gizago. Mata suka watse, maza suka taso suka kare Sanda. Bai nufe shi ba. Ya wuce su ya isa tsakar gida, ya tsaya gaban jigo, ya shiga sara. Tsohon itace ne da jini da gashin kaji suka daskare a jikinsa, bai daɗe ba ya faɗi. Har makaɗan makokin suka ajiye ganga. Wannan aikin ko waɗanda ke ganin Sanda ya zalunce shi ba su iya kare shi a kai ba, shi ma kuma bai nemi a kare shi ba. Kafin rana ta faɗi dattawa suka yanke cewa ya bar gidan. Aka haɗe gayaunarsa da gandu. Lami ta ɗaure tukwanenta ta bi shi, tana tafe tana waiwayen dawarta da ba a yanke ba.

Haka suka shigo Malumfashi, suka kama ɗaki a bayan kasuwa. 'Ya'yan da Lami ta haifa ba su zauna ba, daga shi sai ita. Ita ta shiga surfe da ɗaukar ƙwadagon gona a gefen gari, shi ya sami rumfa a tsakiyar layin 'yan katako, jikin shagon wani kafinta, Malam Lawal, mai yin kujerun kushin da gadajen amare. Ba a yi mako ba suka fara. Lawal ya ce hayaƙin ƙarfen da Tanimu ke ƙona itace da shi yana shiga masa yadi. Tanimu ya ce ƙarar injinsa na hana shi jin abin da itace ke faɗa. Lawal ya ɗauke butarsa daga inda take ya mai da ita cikin shago, ya riƙa cewa "arnen nan" yadda za a ji. Tanimu kuma in mai saye ya tsaya duba kushin, sai ya ce daga inda yake zaune, "Soso ne da ƙusa. Damina biyu, ka dawo ka ba ni labari."

Da farko turmi da muciya yake yi don su ci abinci. Sai 'yan bindiga suka mamaye dazukan da ake samo gungume, masu kawo itace suka daina shiga, wanda ya shiga ma ba lallai ya fito ba. Sauran masassaƙa wasu suka koma acaba. Tanimu ya koma bin gonakin hanyar Funtua inda ake tumɓuke kututture don tarakta ta samu wucewa. Abin da manoma za su cinna wa wuta, shi yake lodawa a amalanke: saiwar maɗaci, gindin kanya, kututturen marke da gara ta raɓa. Irin wannan itacen ba ya zama turmi. Karon farko a rayuwarsa ba mai kwaɗa masa ƙota in ya bi jijiyar itace, sai ya bi ta iya son ransa.

A shekarun ne kuma mutanen ƙauyuka suka riƙa shigowa gari da 'yan ƙullin kayansu, gudun harin da ake kai musu. Tanimu ba mai tausayi a baki ba ne, amma yana da ido. Ya lura ba ɗaya daga cikinsu da ke zama a fili. Duk inda suka sauka sai sun nemi bango sun manna baya, sun ja gwiwa zuwa ƙirji, ido na kan hanya. Ya tuna haka zomo ke yi a gindin sabara, haka shi ma yake kwana tun da ya bar gida. Yana da wani gindin kanya mai kogo, sai ya buɗe shi ta gaba, ya bar bayansa da tsawo ya ranƙwafo bisa kai, ya bar gefe biyu sun rungumo kamar hannuwa. Wanda ya shiga ba abin da zai zo masa ta baya ko ta gefe. Lawal ya leƙo ya ce, "Yau kuma kabari aka yi a tsaye?" Wata mata 'yar gudun hijira da ta zo neman ɓawon itace na girki ta zauna a ciki don ta huta, barci ya kwashe ta da rana tsaka. Wani mai kuɗi ya tsaya da mota yana tambayar kujerar, Tanimu ya ce masa da mutum a ciki, ya dawo gobe ko kada ya dawo. Da matar ta farka kuma ya yi mata faɗa cewa rumfarsa ba masauki ba ce.

Abin da ya jawo masa babbar fitina teburi ne. Wata safiya yana wurin mai shayi, talabijin na nuna labarai, sai aka nuno fuskar watan da ke sama daga kusa, hoton da wata na'ura da aka harba sama ta aiko. Tanimu ya tsaya da kofi a hannu har shayin ya huce. Duk ramuka ne, manya da ƙanana, wani cikin wani, ga tudu ga kwari, rabi haske rabi duhu.

"Wannan watan namu ne?" ya tambayi mai shayi.

"Shi ne."

"Ashe shi ma zanzana ta ci shi."

Ya koma rumfa yana jin haushin da bai san wa zai ɗora wa ba. Uwarsa ta ƙare rayuwarta tana kallon abin nan daga nesa, ga shi yanzu an kawo shi gaban masu cin burodi, ko ɗaga kai ba su yi ba. Yana da faffaɗan gindin maɗaci da ya daɗe yana ajiya. Ya zagaye shi, ya shiga fafe ramuka a fuskarsa yadda ya gani, ya ƙona rabi da jan ƙarfe ya yi baƙi ƙirin, ya goge rabi da magagari da man kaɗe har yana ɗaukar ido. Saiwoyi uku ya bar masa a matsayin ƙafafu, a buɗe, kamar wani abu da ya sauko yana laluben inda zai taka. Mutane suka riƙa tsayawa kallo. Masu dariya suka ce teburin da kofi ba ya zama a kansa ai ba teburi ba ne.

Lawal bai yi dariya ba. Ya bi 'yan layin ɗaya bayan ɗaya yana cewa Bamagujen nan ya sassaƙa wata yana bauta masa, ya ga yana shafa masa mai da safe. Maganar ta kai gaban mai unguwa. Aka kira su, aka sa majiya ƙarfi suka ɗauko teburin aka dire a ƙofar gida.

"Tanimu, mene ne wannan?" in ji mai unguwa.

"Teburi ne, ranka ya daɗe."

"An ce wata ne."

"Wata yana sama. Ko an neme shi an rasa?"

Wasu suka ƙunshe dariya, mai unguwa ya haɗe fuska. Lawal ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji irin bakinsa. Mutumin da danginsa ma suka kore shi saboda ya sare abin tsafinsu, mu ne za mu iya da shi?"

"Ka ji kuma," in ji Tanimu. "Ɗazu ina bautar itace, yanzu ina sare abin bauta. Malam Lawal, zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kada ka zama kamar kujerunka."

Mai unguwa ya zagaya teburin, ya ce bai ga ido ba bai ga baki ba, don haka ba zai ce gunki ba ne. Amma ya ce zaman lafiya ya fi, Tanimu ya kwashe kayansa ya koma ƙarshen layi, bakin kwata, inda ba mai maƙwabtaka da shi. Ranar da ya tare a can, ya je ɗauko sauran kayan aikinsa, ya dawo ya tarar an bulbula wa farin ɓangaren teburin baƙin man mota. Ba wanda ya ga mai yi. Ya kwashe makonni yana kankara, man ya riga ya shiga jijiya. Daga baya wata Hajiya Nana Khadija mai masaukin baƙi a Funtua ta gan shi ta saya da tabonsa. Ta roƙe shi ya cike ramukan ko kaɗan don a iya ajiye faranti, ya ce ta je wurin Lawal in abin ajiye faranti take nema. Ta ɗauka a haka. Ta hanyarta ne mutanen Kaduna da Zariya suka fara zuwa jifa-jifa, su toshe hanci saboda kwata, su sha baƙar magana, su tafi da kujera.

Shekaru suka tafi, ba ya aika gaisuwa Gidan Bature, ba a aiko masa. Wata rana da hantsi wani magidanci ya tsaya bakin rumfa ya durƙusa. Sai da ya yi magana Tanimu ya gane shi, Ɗanasabe ne, babban ɗan Sanda.

"Baba, jikin tsohon ne. Mun kawo shi asibiti nan garin."

"Shi ya aiko ka?"

"A'a."

"To me ka zo yi?"

Lami ce ta matsa masa har ya je. Ya tarar da Sanda a zaune bakin gado, ƙafafu sun kumbura, an tara masa tsummoki da buhu a baya. Ciwon zuciya ne, in ya kwanta numfashi ya tsaya, in ya zauna baya ya gaji. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Ya ɗago ya dubi ƙanensa.

"Ka zo ka gani ko na mutu?"

"An ce in zo, na zo."

"To ka gani. Da saura." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Tun da ka sa ƙarfe a tsakar gidan nan ba mu sake ganin daidai ba. An kore mana shanu. An ƙone mana rumbu. Duk kai ne."

"Gidajen da ba su da jigo ma an ƙone su, Yaya. Har masallatai an shiga."

"Fita. Ɗanasabe, ko gawata kada ya taɓa."

Tanimu ya fita, amma idonsa ya riga ya yi aikinsa. A 'yan mintocin nan ya ga inda kafaɗar Sanda ke neman tokara, ya ga yadda ya kamata ƙirjin ya buɗe, da inda gwiwar hannu za ta sauka. Yana da itacen da zai yi masa kujera ma, wata saiwar marke mai reshe biyu tana jingine a bayan rumfa. Ya dawo ya jawo ta ya tsaya a kanta da gizago. Aikin yini biyu ne. Lami ta zo ta same shi a tsaye.

"Ka yi masa, Maigida. Ba sai an ce kai ka yi ba."

"Zai gane."

"In ya gane sai me? Mutumin nan bai yi barci ba tun da aka kawo shi."

"Ya ƙona kujerar Inna a gaban mutane, Lami. Ƙarƙashin tukunyar giya."

"Kai kuma ka sare musu jigo a gaban mutane. Ba ku biya juna ba?"

Ya mayar da saiwar inda take. Washegari ya sake jawo ta, ya sake mayarwa. Lami ta riƙa dama kunu tana kaiwa asibiti, ba ta ƙara yi masa maganar ba. Sanda ya mutu a zaune, da buhun a bayansa. Aka ɗauke shi a mota zuwa ƙauye, Lami ta bi su, Tanimu ya buɗe rumfa kamar kullum.

Bayan an share makoki Ɗanasabe ya dawo tare da Lami. Ya ce dattawan da suka yanke hukuncin duk sun mutu, yanzu ba babba a Gidan Bature sai Tanimu. Mutane sun ragu, wasu sun gudu Funtua, wasu sun musulunta sun koma Kafur, waɗanda suka rage suna son wanda zai tsaya musu a gaba. Gayaunarsa na nan, za a fitar masa da ita.

"Da bakin wa za a fitar?" in ji Tanimu. "Wanda ya ƙwace ta ya mayar da bakinsa ne kafin ya mutu?"

"Bai ce kome ba, Baba."

"To ni ma ban ce kome ba. Gaida gida."

Lami ta raka Ɗanasabe, ta dawo ta shiga ɗaure tukwanenta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta bi shi lokacin da aka kore shi don a ganinta an yi masa ba daidai ba, ta yi shekaru tana surfa hatsin wasu tana nome gonar wasu ba ta taɓa yi masa gori ba. Amma yanzu ba mai korarsa sai kansa, ita kuma ba za ta mutu a ɗakin haya bakin kwata ba alhali ga ƙasa can tana jiran hannu.

"Ko 'yan bindiga?" ya ce.

"Su ma sun fi ka sauƙi, su suna zuwa su tafi."

Bai hana ta ba, bai raka ta tasha ba.

Yanzu shi kaɗai yake zaune. Idonsa ya fara rauni, yakan shafa itace da hannu fiye da yadda yake dubansa, amma aikin bai ragu ba. Lawal ya yi Makka ya dawo, ya faɗaɗa shago, ya kuma shigar da sabuwar ƙara wurin mai unguwa cewa ɓawon itacen Tanimu ne ke toshe kwata da damina. Tanimu ya ce guntayen soso ne, ya tsamo su da sanda ya tara a ƙofar shagon don a gani. Ba a yanke wannan ba tukuna.

Duk kaka wani ɗan acaba yakan sauke buhun dawa a bakin rumfarsa, daga gayaunar Lami, ba saƙo ba gaisuwa. Tanimu yakan kwance bakin buhun, ya ɗebo ya murza a tafin hannu, ya ce ba a sheƙe ta da kyau ba, duk tsakuwa. Sannan ya ja buhun ciki. Bana ɗan acaban ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi ko akwai abin da za a faɗa mata.

"Ka ce mata an gani," in ji Tanimu. Ya koma kan kututturensa.